Aska da Tsakiya: Nazari a Kan Kayan Ƙawata Ɗinki a Zariya

Wanda ya ratsa layin masu kayan ɗinki a kasuwar Sabon Gari, ko ya leƙa shagunan teloli a Samaru, zai ga ana sayar da ƙananan duwatsu masu walƙiya, na roba da na gilashi, waɗanda ake jerawa a wuyan rigunan mata da bakin mayafi. Wasu ana ɗinka su da allura, wasu kuwa manna su ake yi da zafin dutsen guga. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin adon da ke tasowa a kan tufa, wanda hannu ke ji kafin ido ya gama kallo, sai dai da zare yake samar da shi, kuma kalmomin wannan aiki su ne ke cikin haɗarin salwanta a yau.

Aikin babbar riga

Tun asali, aikin riga a birnin Zazzau hannu biyu ne. Akwai mai zane, wanda galibi malami ne ko almajiri da hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, sa'an nan akwai mai ɗinki, wanda ke bin layin da aka zana masa. Kowane sashe na zanen yana da sunansa. Dogayen siffofin nan masu tsini da ke sauka daga wuya zuwa aljihu su ne asake, kuma yawansu ne ke ba rigar suna, watau aska biyu ko aska takwas. Kewayen da ke nannaɗe a ƙirji da kuma baya shi ne tambari. Akwai gidan biyar, akwai dagi, akwai linzami a bakin wuya, akwai kuma shafi da ake sa wa ƙasan riga ta ciki. Abin lura a nan shi ne, kusan duk sunayen an aro su ne daga abubuwan da mutum ke gani kullum: askar wanzami, tambarin fada, linzamin doki, sawun dagin dabba.

Kaurin aikin kuwa daga irin ɗinkin yake zuwa. Mai ɗinki yakan huda ƙyallen, ya kewaye ramin da zare, ya sake huda wani a gefensa, har fili ya cika da ɗaruruwan ƙananan idanu a jere kamar saƙar zuma. Wani wurin kuma ya shimfiɗa zare mai kauri a kan layi, ya bi shi da siriri yana ɗaurewa, layin ya taso. Riga guda takan ci watanni. In an gama sai a kai wa masu bugu, su ɗora ta a kan gungume su yi ta dukanta har aikin ya kwanta ya yi sheƙi.

Zaren da ya fi daraja shi ne tsamiya. Wata tsutsa ce ke saƙa gidanta a jikin itatuwa, har da itacen tsamiya wanda zaren ya ci sunansa. Akan tattaro gidajen, a dafa su da ruwan toka don danƙon ya saki, a wanke, a shanya, sa'an nan mata su kaɗa da mazari. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, kuma ba shi da santsi irin na silikin kanti, wanda hakan ne ma ke ƙara wa aikin armashi. Alharini kuwa, mai launin ja garura, a da fatake ne ke kawo shi ta hamada daga Tarabulus. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ambaci wannan ciniki na siliki da duwatsun ado a cikin labarin tafiyarsa.

Ina matsayin dutse?

Ba a rasa duwatsun ado a ƙasar Hausa ba, amma mazauninsu jiki ne: murjani da tsakiya a wuya da hannu, jigida a ƙugu. Jigidar da, kafin ta roba ta kore ta, ana yin ta ne da ɓawon kwakwa. A fasa shi ƙanana, a huda tsakiyar kowane, a jera a igiya, a yi ta gogawa a kan dutse har su daidaita su yi sumul. Na gilashi kuwa, shahararrun masu yin su su ne Masaga na Bida a ƙasar Nufe, waɗanda tarihinsu na baka ke cewa daga Masar suka taso, kuma Nadel ya yi bayaninsu a littafinsa na 1942. Suna narka gilashi a murhun yumɓu da ake hura wa zugazugi, su ɗebo narkakken da tsinken ƙarfe, su nannaɗe shi a jikin wani ƙarfen suna juyawa. In ya huce aka zare ƙarfen, ramin da ya bari shi ne hanyar zare. A da suna haɗa gilashin da kansu daga yashi da kanwa, daga baya suka koma narka fasassun kwalabe.

Me ya sa waɗannan duwatsu ba su hau babbar riga ba? Bugu kaɗai ya isa dalili, domin gilashi ba zai jure wa sandar mai bugu ba. Ban da wannan, rigar malami da basarake tana neman natsuwa, ado mai ƙara da walƙiya kuwa an bar wa mata da 'yan mata.

Batun ulun da ake dunƙulewa ba tare da saƙa ba, shi gajere ne. Yadda ake yinsa a ƙasashen da suka san shi, akan jiƙa ulu da ruwan zafi da sabulu, a yi ta murzawa har gashin ya sarƙe ya zama fata guda. To, tumakinmu, 'yan ƙasa da uda da balami, gashi gare su, ba su da ulu, don haka sana'ar ba ta sami gindin zama ba. Abin da ya zo mana a ƙere ya zo: jar dara daga Tunis, wadda ake saƙawa tukuna a dunƙule ta a ruwa, da kuma mulufi, jan ƙyallen nan mai kauri da ake yankawa a ɗora a kayan doki. Mai son ganin su sai ya halarci hawan salla a ƙofar fadar Zazzau.

Canjin zamani

Sabon Gari ya kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa, wanda layinsa ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, kuma ta nan ne zaren kanti da keken ɗinki suka yi ta shigowa. Samaru kuwa ta bunƙasa da aikin binciken noma, sa'an nan da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. A wannan jami'a ne David Heathcote, malami a sashen zane-zane, ya tattara zanen masu zane da sunayen aikinsu, ya shirya nunin fasahar Hausawa a birnin Landan a 1976, ya kuma kammala kundin digirinsa na uku a kan ɗinkin tufafin Hausa a 1979. Abin da ya kamata ya dami ɗalibin Hausa shi ne, mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan fanni da Turanci yake.

Da keken surfani ya yawaita, maza da dama suka bar allura, sai matan aure a cikin birni suka karɓi aikin hannu a gidajensu. Ƙungiyar mata masu ɗinki da ke ɗauke da sunan Sarauniya Amina, wadda aka kafa a 1994, shaida ce a kan haka. Ba laifi ba ne a ce su ne suka riƙe sana'ar. Keke yana da amfaninsa, domin ya sa talaka ma ya sa riga mai aiki, amma aikinsa a shafe yake, ba ya tasowa, kuma wannan giɓi ne duwatsun manne suka zo suka cike a kayan mata. Matsalarsu ita ce ba su da ƙarko, wanki kaɗan sai su fara zuba, kuma sun zo ba tare da suna ba. Mai saye yakan nuna hoto a waya ya ce a yi masa irin wannan, tela ya duba ya yi. Ba a buƙatar a ce tambari, ba a buƙatar a ce gidan biyar.

Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikin irin waɗannan kalmomi, amma ƙamus ma'ana yake bayarwa, ba ya nuna inda allura ke shiga da inda take fita. Tsakanin Samaru da birnin Zariya tafiya ce ta ƙasa da awa guda a mota, kuma har yanzu akwai tsofaffin masu zane da mata masu ɗinki da za su iya ɗora yatsa a kan riga su faɗi sunan kowane layi. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu zai iya ɗaukar riga guda mai aska takwas, ya zauna da mai zane da mai ɗinki da mai bugu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta kalmomin kowannensu tare da hoton wurin da kalmar ke nufi, ya kuma kwatanta da yadda ake kiran su a Kano da Bida.