Darasi na 14: Ƙirar Wuƙa da Ban Ruwa

Wanda ya saba ganin dogayen gine-ginen Abuja zai yi tsammanin sana'ar ƙira ta mutu a wannan yanki. Ba ta mutu ba. A gefen kasuwannin garuruwan da ke kewaye da birnin, irin su Gwagwalada da Kuje da Bwari, har yau akan ji ƙarar masaba a kan uwar maƙera, musamman idan Babbar Salla ta gabato, magidanta suna neman wuƙar yanka. Sana'ar kuwa ta girmi birnin nesa ba kusa ba. A Taruga, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Abuja, masu binciken kayan tarihi sun tono murahun narkar da tama waɗanda suka haura shekara 2,000.

Maƙerin yau ba ya narkar da tama. Tsohon sifirin na mota yake saya a hannun makanikai, kamar waɗanda ke Apo. Yana son wannan ƙarfe ne domin akwai isasshen sinadarin kabon a cikinsa. Ƙarfen da kabon ya yi wa ƙaranci, komai kyan ƙirarsa, ba ya riƙe kaifi.

Mu ɗauka wani ɗalibi ya yi sha'awar koyon ƙira, yana zuwa maƙera duk ranar Asabar. Ba za a ba shi masaba a ranar farko ba. Zuga zai fara, yana zaune yana danna zugazugi, idonsa a kan wutar gawayin ƙirya, wanda maƙera suka fi so saboda zafinsa da daɗewarsa. A nan zai koyi karanta launin ƙarfe. Idan ya yi jawur yana neman komawa ruwan lemo, ya yi laushi, sai a ciro shi da awartaki a hau duka. Da ja ya dushe, sai a mayar da shi wuta, gama Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ya ci gaba da dukan ƙarfe bayan ya huce, tsaga shi zai yi.

Bayan makonni, ɗalibin ya ƙera wuƙarsa ta farko, ya gyara bakinta da magagari. Don ɗoki, sai ya gasa ta ta yi ja, ya tsoma ta cikin ruwan sanyi. Da ta huce ya sari itace da ita, nan take ta karye gida biyu.

"Baba, me na yi ba daidai ba?"

"Gaggawa ka yi, yaro. Ka ba ta tauri, ba ka ba ta haƙuri ba."

Abin da tsohon yake nufi shi ne ban ruwa, kuma a nan ne gwanintar maƙeri take. Masaba siffa kawai take bayarwa. Zafi da sanyi su ke yanke hukuncin ko wuƙa za ta yi aiki. Da farko akan gasa bakin wuƙar har zafinsa ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas. Mai koyon da idonsa bai goge ba yana iya gwadawa da mayen ƙarfe, domin a wajen digiri 770 ƙarfe yakan daina manne masa. Daga nan sai a ƙara zafi kaɗan, a tsoma wuƙar a tsaye, ba tare da jinkiri ba. Ga irin ƙarfen sifirin, mai ya fi ruwa aminci, domin ruwa yana sanyaya shi da sauri ƙwarai har ya tsage ko ya lanƙwashe. Sai dai a kula, mai yakan kama da wuta, saboda haka a kawar da fuska, a kuma ajiye murfi kusa.

Wuƙar da ta fito daga mai tana da tauri, har magagari ya zame a kanta bai ci ba. Amma taurin nan irin na gilashi ne. Dole a goge ta ta yi haske, a sake ɗumama ta a hankali zuwa wajen digiri 200, ana kallon launi. Idan bakin ya yi ruwan busasshen kara, a janye ta. Idan aka yi sakaci ya kai shuɗi, taurin ya ragu da yawa, za ta riƙa dakushewa da wuri. Wannan mataki na biyu shi ne ɗalibin ya tsallake.

Sai bayan an gama wannan ake sa ƙota, a wasa wuƙar a kan dutse, a kai wa baduku ya ɗinka mata kube.

Tambayoyi

1. Me ya sa maƙera suke son sifirin na mota?
2. Waɗanne kurakurai biyu ɗalibin ya yi wajen ban ruwa?
3. Yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin jimloli: masaba, awartaki, magagari, dakushe.