Yadda Karatu Ke Sauya Tunanin Babba

Jama'a, a yau mutum yana iya yin digiri na biyu ko na uku ba tare da ya bar garinsu ba. Darussa suna zuwa masa ta intanet, a kwamfuta ko wayar hannu. Yana sana'arsa da rana, da dare ya yi karatu.

A Nijeriya akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN. An kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. A nan tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya kammala digirin digirgir a 2017, yana da shekara 80. Gemu ba ya hana ilimi.

To, me karatu yake yi wa babba? A 1978 wani malamin jami'a a Amurka, Jack Mezirow, ya fitar da bincikensa a kan matan da suka koma makaranta bayan sun girma. Ya gano cewa karatun ya sauya yadda suke kallon kansu da duniya.

Ga yadda abin yake faruwa:

1. Mutum ya ci karo da abin da ya saɓa wa tunaninsa.
2. Ya tambayi kansa: "A ina na samo wannan ra'ayi?"
3. Ya tattauna da wasu.
4. Ya gwada sabuwar hanya a aikace.

Ajin intanet yana taimaka wa mataki na uku. Ɗalibin Sakkwato da na Kalaba suna aji ɗaya. Kowa yana rubuta ra'ayinsa, kuma yana da lokacin yin tunani kafin ya ba da amsa. Alal misali, malamin gona yana ganin taurin kai ne ya hana manoma karɓar sabon iri. Abokin karatunsa ya tambaye shi kuɗin takin da irin yake bukata. Daga nan sai ya fara sauraron manoma kafin ya ba su shawara.

Haka abin yake a ajinku na yaƙi da jahilci. Idan wani ya kawo ra'ayin da ba naka ba, kada ka yi fushi. Ka tambaye shi dalili.

Tambayoyi:

1. A wace shekara aka farfaɗo da NOUN?
2. Wane ra'ayi ka sauya tun da ka fara karatu?