Amsa Tambayoyinku: Jingar Fim Ɗin Ban Tsoro daga Unguwar Ya

Wasiƙu da saƙonnin waya sun taru, amma yau guda ɗaya ce za ta cinye mana yawancin lokaci. Masu sauran saƙonnin ku yi mana afuwa.

Wasiƙar ta fito ne daga Unguwar Ya a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, daga wani ɗalibi mai koyon aikin jarida, wanda ya ce a sakaya sunansa. Bayan gaisuwa ya ce: "Malaminmu ya ba mu jinga, mu biyar a rukuni, mu haɗa tirelar fim ɗin ban tsoro wadda ba ta wuce minti biyu ba, da fosta, da tsarin yadda za mu tallata fim ɗin. Ba mu da kyamara sai waya, kuɗin da muka harhaɗa kuma bai taka kara ya karya ba. Abokaina sun ce mu sayo fuskar roba a Kano mu shiga maƙabarta da dare mu ɗauka. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mene ne mafita?"

To ɗana, rashin kwanciyar hankalin nan naka shi ne daidai. Maƙabarta ku cire ta daga lissafi tun yanzu. Iyayen mutane ne da kakanninsu a kwance, ba wurin wasa ba ne. Ban da haka ma, duk wanda ya hango tocila tana yawo tsakanin kaburbura ƙarfe ɗayan dare ba zai ce 'yan makaranta ne ba, masu tonon kabari zai ce. 'Yan sintiri kuwa ba za su tsaya duba katin makarantarku ba sai bayan gora ta gama aikinta.

Fuskar robar ma ku bar kuɗinku. Da zarar ta fito a allo, 'yan ajinku dariya za su fashe da ita, don kowa ya san inda ake sayar da ita. Ka tuna yadda kaka take ba da tatsuniyar Dodo? Ba ta taɓa tsayawa ta ƙirga maka haƙoransa ba. Murya kawai take kaurarawa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sai ka ga yara sun matso jikinta. Kowane yaro shi ya ƙera Dodonsa a kansa, kuma nasa ya fi wanda za a zana masa muni. Manyan masu fim ma a nan suka tsaya. A 1975 Steven Spielberg ya yi fim ɗin Jaws a Amurka, kan wani ƙaton kifi mai cin mutane. Kifin inji da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a cikin ruwan teku, dole ta sa ya riƙa nuna ruwa da ƙafafun masu iyo da wani ɗan kiɗa mai maimaita kansa, kifin bai bayyana sosai ba sai can da fim ya yi nisa. Rashin kayan aikin nan shi ya sa mutane suka riƙa tsoron shiga ruwa. Ku da ba ku da ko injin da zai lalace, kun ga an rage muku wahala.

Inda nake so ku zuba ƙarfinku shi ne sauti. Mu ma'aikatan rediyo a nan muke cin abinci, don haka bari in ɗan daɗe a kai. Ka gwada kashe sautin duk wani fim ɗin ban tsoro da kake da shi a waya, ka kalla haka nan, za ka ga mutane ne kawai suke yawo a ɗaki mai duhu. Unguwar Ya kuwa cike take da sautin da ba a saye. Ƙyauren langa-langa da iska ke kaɗawa. Guga yana sauka cikin rijiya, igiya tana gogar bakin rijiyar, sannan ya daɗe bai taɓa ruwa ba. Kukan mujiya. Gyare yana ta ƙara, sai ya yanke kwatsam. Wanda ya fi min duka shi ne daka. Tabarya a turmi da hantsi ba komai ba ce, kowa ya san hatsi ake surfawa. Amma ka sa wannan dakan a fitowar da agogo ya nuna ƙarfe biyun dare, a gidan da aka riga aka gaya wa mai kallo shekara goma ba kowa a cikinsa, ka ga yadda gashin jikin Bahaushe zai tashi. Bature ba zai ji komai ba, don bai san ba a daka a wannan lokaci ba. Wannan tsoron namu ne, kuma malaminku zai gane kun yi tunani.

Ku ɗauki sauti daban, hoto daban. Waya ɗaya ta hoto, wata ta sauti, ku kusantar da ita ga abin da ke ƙara, ku sa mata safa a baki saboda iska. A haɗa daga baya a CapCut ko KineMaster. A fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, ƙarar suka da wuƙa da ta firgita duniya, wani ɗan itace ne dangin kankana ake caka wa wuƙa a gaban na'urar ɗaukar magana. Jinin da aka gani kuma ruwan cakulan ne, da yake fim ɗin baƙi da fari ne. Ku in kuna son jini, zoɓo mai kauri da ɗan sitaci ya wadatar, a dafa a bar shi ya huce. Kada ku zuba sukari, in ba haka ba kiyashi da ƙudaje za su riga ku gama ɗauka. Kuma kaɗan: ɗigo uku a kan farar tabarma ko a gefen ƙwarya ya fi bokiti.

Kuna kusa da wata baiwa da ba kowa ke da ita ba, wato duwatsun Birnin Kudu, Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, inda ake da zanen shanu na mutanen zamanin da, wanda masu bincike suka fito da labarinsa a shekarun 1950. A wurin akwai duwatsun da in an ƙwanƙwasa suke amsawa kamar ƙararrawa. Amma wurin yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, sai da izini, kuma zanen ba a taɓa shi, ba a jiƙa shi don ya fito a hoto. In an hana ku, duwatsu ba su ƙare a yankinku ba har zuwa Gwaram.

Batun haske a taƙaice: waya ba ta iya duhun gaske, hoton yakan fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero. Ku ɗauka bayan sallar asuba kafin rana ta fito, edita ya ƙara duhun daga baya. In jingar ta kai ku Disamba ko Janairu, hazo zai yi muku aikin da wasu ke sayen injin hayaƙi dominsa. A ɗaki kuma fitila ɗaya tak, daga gefe ko daga ƙasa, rabin fuska a haske rabi a duhu.

Ita tirela, ka sani alkawari ce ake yi wa mai kallo, don haka ba a ba da labari duka a cikinta. Ku fara da zaman lafiya: yarinya tana shara, akuya tana cin dusa. Abu ɗaya ya kauce daga yadda aka saba, misali ta share tsakar gida tas, ta juyo ta tarar da sawun ƙafa a kan sharar, sawun ya nufi ɗakin da aka kulle. Daga nan yankan hoto ya riƙa gajarta, dakan yana ƙara sauri, sai komai ya ɗauke, allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu. Sunan fim ya fito. In kuna da abin razanarwa guda ɗaya, a nan ne wurinsa. Ku zana kowace fitowa a takarda kafin ku kunna waya, ku ajiye takardun, da jerin wanda ya yi me, don malamai sukan ba da maki a kan shiri da bayanin dalili kamar yadda suke bayarwa a kan hoton. Ku fitar da gajeriya ta daƙiƙa 30 a tsaye saboda sitatus ɗin WhatsApp da TikTok.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, har da iyaye. Na san za a ba ku misalin The Blair Witch Project a aji, don kusan duk mai koyar da tallan fim yana kawo shi. A 1999 aka sake shi a Amurka. An ɗauke shi da kuɗi ƙalilan, ya tara sama da dala miliyan 240, kuma talla ce ta kai shi can: an buɗe shafin intanet ana ba da labarin kamar gaskiya ne, an raba takardun cigiya ɗauke da hotunan 'yan wasan uku wai sun ɓata a daji. Dabara ce mai kyau a can, a wancan lokaci. Ɗana, kada ka kuskura ka gwada ta a Birnin Kudu. A ƙasar da ake sace mutane da gaske, ka sa hoton ɗiyar wani da rubutun "ana cigiya" a WhatsApp, kafin la'asar ya kai Dutse da Ningi da Kano, wani ya ƙara masa murya yana rantsuwa a gabansa aka yi. Ba mu manta da watan Agustan 2014 ba, lokacin cutar Ebola, da saƙon waya ya tashi mutane cikin dare wankan gishiri da shan ruwansa, har aka rasa rayuka. Duk abin da za ku saki, a rubuta a jikin hoton kansa cewa fim ne, aikin ɗalibai ne, don rubutun da ke ƙasan hoto yakan faɗi a hanya in ana turawa.

Kafin ku ɗauki komai, ku je wurin mai unguwa da takardar makaranta, ku gaishe shi, ku faɗi rana da wuri. Mai kangon da za ku shiga a tambaye shi. Yaro ƙarami ba ya shiga sai da yardar iyayensa.

Sai wani saƙo da ya shigo daga Gwaram, daga wata ɗaliba da ta ce su ma an ba su irin wannan jinga, tana tambaya kan fosta, da ko za su iya ɗaukar kiɗan wani fim ɗin Indiya su ɗora. 'Yata, kiɗan mutane yana da masu shi, in kuka ɗora a YouTube ko Facebook na'urarsu za ta gane shi, a kashe sautin ko a sauke bidiyon, malami kuma ya rage maki. Ku nemi mai kalangu ko mai gurmi a garinku ya yi muku minti ɗaya. Fosta kuwa, ki guji irin wadda ake jera kawuna takwas kowa yana zare ido don kada wani ya ce an bar shi. Hoto ɗaya: ƙofar zaure a buɗe, takalmi ƙafa ɗaya a bakinta. Suna da manyan baƙaƙe, launi biyu ko uku, sunayenku ƙanana a ƙasa. Ki rage ta ta koma girman akwatin ashana a allon waya, in har ana iya karanta sunan, ta yi. Ki sa alamar shekaru, 15 ko 18, irin ta hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa a 1993. Ki kuma sani cewa a 2024 hukumar ta fito da ƙa'idar da ta hana ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi a fim. Aikin aji ba a kai shi tacewa, amma ranar da kuka ce za ku fitar da shi kasuwa, za a tambaye ku.

Na ƙarshe, wani dattijo daga Sara ya bugo tun ɗazu yana cewa, shin wannan ba wasa da aljanu ba ne, kuma me ya sa makaranta za ta koyar da tsoratar da mutane? Baba, Allah ya ƙara girma. Hukuncin addini na malamai ne, kuma filinsu na ranar Juma'a yana nan, zan miƙa musu tambayar. Abin da zan iya faɗa a matsayina na ɗan jarida shi ne, makaranta tana ba da wannan jinga ne don babu inda ɗalibi ke koyon sarrafa haske da sauti da yankan hoto da sauri kamar a nan. Wanda ya iya sa mutum ya riƙe numfashi minti ɗaya, gobe zai iya haɗa tallan rigakafi da mutane za su tsaya su kalla. Amma damuwarka tana da wurin zama ta wata fuskar. Kada yaran nan su ɗauko tsohuwa mai zaman kaɗaici su mai da ita mayya a fim. Mun sha karanta labarin matan da aka yi wa ƙazafin maita aka dake su, aka kore su daga gari, wasu aka kashe. Fim ɗin ɗalibai bai kamata ya ƙara wa wannan wuta itace ba. Kuma kada a kira sunan wani gida ko wata bishiya ta gaske a gari a ce aljanu ne a ciki, mai gidan yana nan da ransa kuma wataƙila yana neman mai haya.

Lokaci ya ƙwace mana. Ɗalibinmu na Unguwar Ya, in kun gama ku turo mana sautin tirelar kaɗai, ba hoto, mu sa wa masu sauraro su yanke hukunci ko ya tsorata su. Mai tambaya kan takin zamani da mai tambaya kan katin zaɓe, naku ne farko mako mai zuwa in Allah ya kai mu.