Ku Fita da Iyalanku, Amma Kada Magariba Ta Riske Ku a Waje

'Ya'yana magidanta na cikin birnin Zariya, da ku nake. Na ga yadda kuke wahalar neman abin sawa a bakin salati, Allah Ya yi muku albarka. Sai dai akwai wani haƙƙin iyali da yawancinku kuka ajiye a gefe, wato a keɓe rana guda, Asabar ko Lahadi, maigida ya ɗauki uwargida da yara su fita su ga ƙasarsu. Yaron da aka haifa a Kwarbai ko Limancin Kona zai kai shekara goma sha biyar yana hangen dutsen Kufena daga nesa, bai taɓa taka gindinsa ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Na san amsar da za ku ba ni: babu kuɗi, babu tsaro. Ta kuɗi ba ta da ƙarfi, domin abin da nake kiranku gare shi bai wuce kuɗin a-daidaita-sahu da kwanon dambu da gorar zoɓo ba. Ta tsaro kuwa gaskiya ce, kuma zan zo kanta.

Ku fara da abin da ƙafa za ta kai ku. Ku bi da yara ta Ƙofar Doka, ku nuna musu ragowar ganuwa, ku sa su ƙirga ƙofofi da bakinsu: Gayan, Kona, Kuyambana, Jatau, Bai, Galadima, Kibo. Ku faɗa musu cewa da hannu aka tara wannan ƙasa, da kwando aka ɗauko ta, kuma kowace damina tana cin rabonta, masu ɗibar ƙasar gini su ma suna cin nasu. Kada ku ce sai wata rana. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mikaila ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda a da masana gine-gine ke zuwa daga ƙasashen Turai domin kallon bakan gizonsa, wa ya zaci wani sashensa zai rufta? Ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin sallar La'asar, rayuka suka salwanta, Allah Ya jiƙansu. Uban da ya yi ta jinkirin kai ɗansa ya ɗaga kai ya ga wancan rufi yadda maginin ya bar shi, yanzu sai dai ya nuna masa hoto.

Wani makon ku nufi Wusasa. Ga tsohuwar majami'ar ƙasa da aka gina a 1929 da salon ginin Hausa, ga asibitin mishan, nan ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Babu laifi yaro Musulmi ya san cewa yana da maƙwabta Hausawa Kiristoci da suka daɗe a nan. Sanin yana rage tsoron da jahilci ke haifarwa. Daga nan Kufena kusa yake. Ku tafi da sassafe kafin dutse ya ɗau zafi, ku nemi mutumin gari ya yi muku jagora, ku ba shi abin goro. Kada a hau da damina, dutsen yana da santsi, kuma kada a tilasta wa mai tsoro ko mai ciwon gwiwa. A inuwar gindinsa ma za a shimfiɗa tabarma a ci abinci, a ba yara labarin Bakwa Turunku da 'ya'yanta Amina da Zariya, wadda garin ya ci sunanta. Labarin da aka ji a gaban dutsen ba ya fita daga kan yaro kamar wanda aka haddace domin jarrabawa.

Samaru ma wurin zuwa ce, yara su ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, ko su tsaya daga nesa su kalli ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama suna tashi. Ba a san inda buri ke shiga zuciyar yaro ba.

Yanzu ga maganar ruwa, kuma a nan ina roƙonku ku saurare ni da kyau. Yaro yana son ruwa, ruwa kuwa ba ya sabo da kowa. Kogunan Kubanni da Galma suna yaudara: da rani ka gan su kamar ka tsallake, da damina su cika su tumbatsa cikin dare guda. Madatsar ruwa ta fi kogi haɗari, domin samanta shiru ne, ƙasanta laka da rami. Ba mu manta da Bagwai ta jihar Kano ba, a ƙarshen Nuwamban 2021, inda kwalekwale ya kife da ɗaliban Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Mauludi, aka rasa yara da dama. Lodi ne ya yi yawa. Saboda haka idan za ku shiga jirgin ruwa, ko a nan ko a madatsar Tiga, ku tambayi rigar kariya. In babu, ku haƙura. In kun ga an cika shi, ku jira sawu na gaba ko da matuƙi zai ɓata rai. Kada uwa da duk 'ya'yanta su shiga jirgi ɗaya. Wanka a ruwan da ke kwance kuma shi ke kawo tsargiya, yaro ya dawo yana fitsarin jini bayan makonni, a yi ta neman dalili. Ku zauna a gaɓa, ku kalli masunta, ku sayi kifi, ya isa.

Sai kwana a daji. Na ji samari suna sha'awar kafa tanti kamar yadda suke gani a waya ana yi a Amurka da Ingila. Can akwai masu gadin gandu da wurin da hukuma ta tanada. A nan kuwa, a 2021 masu garkuwa da mutane sun shigo har Kwalejin Nuhu Bamalli da dare. Wanda ya kai mace da ƙananan yara su kwana a bayan gari a irin wannan lokaci bai kyauta musu ba. In yara sun matsa, a shimfiɗa musu a tsakar gida, a ɗaura gidan sauro, kaka ta yi musu tatsuniya. Ranar da Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, daji yana nan.

Kuma don Allah kada a bar uwargida a gida tana dafa abincin da wasu za su ci a gindin dutse. Ita ta fi kowa buƙatar shan iska. A dafa tun da dare, a tafi tare, a sanar da wani ɗan'uwa inda aka nufa, a riƙe buta da sallaya, a kwashe leda da ɓawon rake kafin a taso. Da an yi La'asar a kama hanya.

Damina na wucewa, kafin hazo ya rufe gari, ku zaɓi Asabar ɗaya ku fara da ganuwar da ke bayan gidanku. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.