Mai Jinya Ma Yana Bukatar Allurar Mura Mai Zafi

Ya kai mai karatu, ko kana jinyar tsoho a gida? Ke 'yar'uwa, ko ke ungozoma ce, ko mai aikin asibiti, ko kina cikin masu zuwa gaida marasa lafiya daga ikilisiya? To, wannan darasi naku ne.

Mura iri biyu ce

Akwai mura ta yau da kullum, mai atishawa da yoyon hanci. Akwai kuma mura mai zafi, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita takan faɗo farat ɗaya da zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki da busasshen tari. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne.

Kada ka raina ta. A ƙarshen shekarar 2017 ta ɓarke a makarantar Kumasi Academy da ke Asokore Mampong, ɗalibai suka rasu. Cibiyar Noguchi ta Legon ta gano cewa nau'in H1N1 ne, sannan aka yi wa mutanen makarantar allura. Daga Moshi Zango zuwa can ba nisa.

Me ya sa mai jinya zai fara karɓa?

Cutar tana bin tari da atishawa da hannu marar wanki. Mutum yana iya yaɗa ta kwana 1 kafin shi kansa ya ji ciwo. Kai mai ƙarfi kana iya warkewa cikin mako guda. Amma tsohuwar da kake ba kunu, da mace mai ciki, da mai ciwon sukari ko asma, tana iya zame musu ciwon huhu. Jariri kuwa ba a yi masa wannan allura sai ya kai wata 6. Kariyarsa tana hannun masu ɗaukarsa.

Abin da za ka sani game da allurar

Allurar ba ta sa mura. Dantse yana iya yin tsami kwana 1 ko 2. Jiki yana bukatar kamar mako 2 kafin kariya ta kama. Ana sake ta kowace shekara, domin ƙwayar cutar tana sauya kama. Ba ta hana kowace mura, amma tana rage kamuwa da kwanciya a asibiti.

Abin yi

1. Tambayi nas ko likita inda za ka samu allurar bana.
2. Wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa majinyaci.
3. In zazzaɓi da tari sun kama ka, ka bar wani ya karɓi jinyar.
4. Kada ka sayi kafso a kemis don mura, ba ya kashe wannan ƙwaya.
5. In numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan da nan.

Tambayar nazari: su wane ne masu rauni a gidanku, kuma wa ke kula da su?

Allah ya ba mu lafiya.