Kafin Ka Zana Zaki, Ka Fara Kallon Balbela

Editan mujallar nan ya matsa mini in rubuta wani abu a kan zanen namun daji da muhalli, tunda a kansa na yi furojet ɗina a sashen zane-zane. Ni dai ba gwani ba ne, amma na sha kaye sau ɗaya, kuma abin da na tsinta a kayen nan shi zan ba ku.

A farkon shekarata ta ƙarshe na kai wa malamin da ke duba furojet ɗina wani zane da na kwashe mako uku ina yi. Zaki ne kwance a kan dutse, jakunan dawa na kiwo can nesa, rana ja wur tana faɗuwa. A hostel kowa sai da ya ɗauke shi hoto. Malam ya dube shi jim, sai ya ce, "Wannan wane gari ne?" Na ce, "Afirka ce, Malam." Ya ce, "Afirka ba gari ba ce. A ina ka taɓa ganin jakin dawa a ƙasar nan?" Na yi tsit, don a waya na kwafo hoton. Ashe jakin dawa dabbar gabashi da kudancin Afirka ce, babu shi a dazukan Afirka ta Yamma. Malam ya ce in je in zano abin da na sani, in ba haka ba ba zai sa hannu ba. Saura mako takwas a miƙa aiki.

Ran Juma'a na tafi ƙauyenmu da ke gefen fadamar Haɗeja, raina a ɓace. Da na ba kakata labari sai ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, ina ruwanka da zaki? Ka zana mini gauraka mana, na yi shekaru ban sa shi a ido ba." Ta ce suna yara kukansa ke tashinsu da asuba. Ni kuwa, a gaban Allah, ban taɓa ganinsa a fadamar ba. Nan na gane abin da Malam ke nufi, kuma daga nan darussan nan huɗu suka fito.

Darasi na ɗaya: ka san waɗanda suka riga ka

Da yawanmu muna zaton zanen dabbobi abu ne da Turawa suka kawo. Ba haka ba ne. A Dabous da ke yankin Agadas a Jamhuriyar Nijar, akwai raƙuman dawa guda biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Yau wurin hamada ne. Sassaƙar nan tana cikin abubuwan da ke shaida cewa a da akwai ciyawa da itatuwa a can. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa ma akwai zanen shanu a jikin duwatsu, wanda masu bincike suka fara rubutu a kansa a shekarun 1950.

Ka ciro naira 20 ka juya bayanta, za ka ga Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta rasu a 1984. A jikin tukwanenta akwai kunama, ƙadangare, kada, hawainiya da kifi. Ba ta tsaya ƙirga ɓawon jikin kada ba, siffarsa ta kama da 'yan layuka, amma kowa ya gani ya san kada ne. A 1958 kuma wasu ɗalibai a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan cewa za su koyi dabarun zamani amma su gina su a kan gadon gida. Ɗalibai ne fa irinmu. To, gado ba shi ne ka liƙa dagin Arewa a kusurwar zanen da ka kwafo a intanet ba. Gado shi ne ka koyi yadda na gaba suka kalli dabba, suka rage abin ragewa, suka bar abin da ke nuna halinta.

Darasi na biyu: ido kafin burushi

Ba kowa ke da kuɗin zuwa Yankari ya ga giwa ba, kuma ba dole ba ne. Balbela tana bayan shanu kullum, akuya tana bakin hostel, ƙadangare na kan katanga. Ka sayi littafin zane mai araha da fensir, ka ba kanka minti 20 kowace safiya. Kowane zane kada ya wuce rabin minti, don dabba ba za ta tsaya jiranka ba. Fara da manyan siffofi: jikin tsuntsu kamar ƙwai ne, wuya layi ne mai lanƙwasa, kai ɗan ƙaramin ƙwallo. Gashi da ido su ne ƙarshe.

Ga wani kuskure da kusan dukanmu muke yi. Gaɓar nan da ke lanƙwashewa baya a ƙafar tsuntsu, wadda muke ce wa gwiwa, ba gwiwa ba ce, idon sawu ne. Gwiwar gaskiya tana sama, gashi ya rufe ta, kuma a kan yatsunsa tsuntsu ke tafiya. Ranar da na gane wannan, ranar tsuntsayena suka daina kama da kaza a kan sanda. Da balbela da zalɓe na yi ta gwaji, sannan na koma ga hotunan gauraka don launi kawai: jiki baƙi-baƙi, fari a fiffike, tukku mai ruwan zinariya, kumatu fari daga sama, ja-ja daga ƙasa.

Darasi na uku: dabba ba ta zama a iska

Muhallin da ka sa dabba a ciki shi ne rabin zanen, kuma nan ne manomi zai kama ka da ƙarya. Gawo, alal misali, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Kuka kuwa akasin haka take. Shamuwa da damina take zuwa. Saboda haka in ka zana shamuwa a gona, gero ya kai ƙugu, ga gawo kore shar a gefe, ka haɗa lokuta biyu da ba sa haɗuwa. Haka hasken hunturu daban yake: ƙura na dusashe launi, abin da ke nesa ya yi fari-fari, inuwa ta yi laushi. Kada ka yi inuwa da baƙi zalla, ka haɗa shuɗi da ruwan ƙasa.

Sannan ka tambayi abin da ya faru da wurin. A fadamar Haɗeja da Nguru, madatsun ruwa na Tiga da Challawa sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Gauraka a fadama yake sheƙa, ga kuma masu kama shi su sayar wa masu kiwonsa a gida don ado. Ungulun da ke cika mahauta muna yara, yanzu sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Amma ba duk labarin ne na baƙin ciki ba. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, da aka tsaya a kansu suka haura 600. Wannan ma abin zanawa ne.

Na san akwai 'yan uwa da ba sa zana mai rai saboda fahimtarsu ta addini, kuma ina girmama hakan. Ƙofa ba ta rufe musu ba. Wata 'yar ajinmu busasshen tafki ta zana, da sawun tsuntsaye a kan tsagaggen laka, babu tsuntsu ko ɗaya. Wallahi nata ya fi nawa tsayawa a rai.

Darasi na huɗu: launi yana ƙarƙashin ƙafarka

Kowa ya san yadda fenti ya yi tsada. Ka samo jar ƙasa, ka daka, ka tankaɗe, ka dama da ruwa mai yawa. Ka bar yashi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan saman a wani kwano, ka bar shi ya kwana. Laushin da ya taru a ƙasa shi ne launinka. Ka jiƙa ƙaro kashi ɗaya cikin ruwan ɗumi kashi biyu, ka tace, ka ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsage, sannan ka kwaɓa da garin. Farar ƙasa za ta ba ka fari, gawayi ya ba ka baƙi, kamar dai tawadar allo da muka sani. Shuɗi kuma ka nemi baba a wurin marina. Ka fara gwadawa a guntun takarda, don launin ƙasa yakan yi haske bayan ya bushe.

Da waɗannan na yi zanen da na miƙa: fadama da safiyar hunturu, kachala ta cinye fiye da rabin takardar, gauraka ɗaya tilo tsaye a ɗan ruwan da ya rage. Malam ya gyara mini ƙafar hagu, ya ce ruwan ya yi nauyi, sannan ya sa hannu. Da hutu na kai wa kakata. Ta riƙe shi kusa da fuskarta ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Shi ne. Amma ai ba ya yawo shi kaɗai, ina matarsa?" Ta fi ni gaskiya, bibbiyu suke tafiya. Na bar shi a hakan, don abin da ya rage ke nan.

Ga aikin gida ga mai so, ko daga wane sashe kake. In ka je hutu, ka tambayi wani tsoho a gidanku wace dabba ko tsuntsu ko bishiya ya sani yana yaro wadda yanzu babu. Ka rubuta sunanta da Hausa ko da harshenku, da lokacin da take zuwa, da inda take zama. Ka kawo mana situdiyo, mu zana tare.