Renon Ƙuruciya da Halin Babba

Manoman Dambatta, Makoda da Bichi sun san gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, sai da taki take ba da amfani. Abin da aka zuba mata da rani shi ake gani a zangarniya da kaka. Zuciyar mutum ma haka take. Za ka ga mutum biyu an faɗa musu magana mai zafi iri ɗaya, wannan ya bari sai ya huce ya nemi bayani, wancan kuwa ya kai mari ko ya ɗauki gaba ta shekara. Sau da yawa tushen bambancin yana can a lokacin goyo.

1. Jariri ba ya iya rarrashin kansa

Sa'ad da yunwa ko tsoro ya kama jariri, ba shi da dabarar kwantar da hankalinsa. Sai an ɗauke shi, an goya shi, an jijjiga shi. In aka yi ta maimaita wannan, jikinsa yakan koyi cewa tashin hankali yana da ƙarshe, taimako kuma yana zuwa. Daga rarrashin wani yake koyon rarrashin kansa.

Wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951, inda ya nuna ƙaramin yaro yana bukatar mai kula da shi wanda ba ya sauyawa. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta bi gidaje a ƙauyukan kusa da Kampala ta ƙasar Yuganda a 1954 da 1955. Ta lura cewa jariran da iyayensu mata ke saurin gane bukatarsu ba su cika kuka ba, sun kuma fi sakin jiki su rarrafa su yi wasa.

2. Kunyar ɗan fari

A nan wani zai yi tambaya. A al'adar Hausa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. To, shin ɗan fari yana tashi ba ƙauna ke nan?

A 1977 Robert Marvin tare da Robert da Sarah LeVine da abokan aikinsu sun buga binciken da aka yi a kan jariran Hausawa 18. Sun tarar jariri yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu a gida, ya kuma fi shaƙuwa da wanda ya fi ɗaukarsa. Ashe abin da kunya ta hana uwa nunawa, kaka da gwaggo da yaya suna cike gurbinsa. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga shi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta rene su.

Hatsarin yana zuwa ne in gandu ya watse. Maigida ya tafi cin rani Kano ko Legas, amarya tana zaune ita kaɗai da ɗan fari, kunya tana nan amma kakar da za ta ɗauki yaron ba ta nan. A irin wannan gida lalle ne uwa da uba su ɗauki aikin da dangi suke yi a dā.

3. Haƙuri iri biyu ne

Anthony Kirk-Greene, a cikin ɗan littafinsa Mutumin Kirki na 1974, ya sa haƙuri cikin halayen da Hausawa ke auna mutum da su. Amma ba kowane shiru ne haƙuri ba. Mai haƙurin gaske ya san ransa ya ɓaci, ya san dalili, ya zaɓi lokacin magana. Yaron da ake duka har sai ya haɗiye kukansa kuwa, ɓoyewa ya koya. Fushin yana nan a ciki yana jiran rana.

A gidan aure ake ganin ranar. Miji ya yi mako bai ce wa matarsa uffan ba, ko ya furta saki a kan gishirin miya. Mata ta yi yaji a kan abin da zama ɗaya zai warware. Wanda aka yi ta sauya masa hannu yana ƙarami, yau gidan wannan gobe gidan wancan, ba wanda ya riƙe shi da zuciya ɗaya, yakan girma da zargi da kishi mai tsanani, gama ya saba da cewa wanda ka dogara gare shi zai tafi.

4. Akwai gyara

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mutum ba icce ba ne. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989 an tarar da dubban yara a gidajen marayu, ba mai ɗaukarsu. A wani bincike da aka fara a Bukares a 2000 da yara 136, waɗanda aka mayar hannun masu riƙo kafin su cika shekara biyu sun fi sauran iya shaƙuwa da mutane. Gyara da wuri ya fi sauƙi, amma ƙofa ba ta rufewa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke taka wa fushi birki, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya haura shekara 20. Ɗalibai, naku yana kan ginuwa yanzu.

Abin yi

(a) In ranka ya ɓaci, ka faɗa wa kanka sunan abin: fushi ne, kunya ce, ko tsoro? Ka jinkirta amsa sai numfashinka ya daidaita.

(b) In kin koma gida hutu aka ba ki goyon ƙane, ki sani ke ma mai reno ce. Ki rarrashe shi kafin ki tsawata.

(c) Iyaye da malamai, ku hori yaro a kan laifinsa, kada ku hore shi a kan hawayensa. Bayan horo ku jawo shi kusa.

Tambayoyi don nazari

1. Wa ya fi ɗaukarka kana ƙarami? Wane hali nasa kake gani a jikinka?
2. Yaya za ka bambanta haƙuri da haɗiye fushi?
3. Wane abu ɗaya na renon gidanku za ka riƙe, wane kuma za ka sauya a naka gidan?